Wai Rihanna ta daina waƙa ne?

ƴar_Sabongari: Salam ƴan uwa, don Allah wai Rihanna ta bar waƙa ne kwata-kwata? Kullum sai tallan kayan kwalliya nake ganinta, kuma ya akai ma ta shahara haka?

kawu_rediyo: Wslm ƙanwata. Ƴar Barbados ce, 1988 aka haife ta, wani furodusa ɗan Amurka ne ya ji muryarta tana yarinya ya kai ta can, 2005 mawaƙi Jay-Z ya sa mata hannu a kamfanin waƙa na Def Jam tun bata cika 18 ba. Amma gaskiya waƙar Umbrella ta 2007 ce ta ɗaga ta, lokacin ko shagon cajin waya ka shiga ita ke tashi. Sau 14 tana hawa lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard Hot 100 fa.

gwanin_gari: Tun Anti na 2016 bata sake fitar da album ba. Ta buɗe kamfanin kayan kwalliya na Fenty Beauty a 2017, zuwa 2021 mujallar Forbes tace ta zama biloniya, to ina ruwanta da kwana a studiyo?

ƴar_Sabongari: Kai yaya, kenan hoda da janbaki sun fi waƙa kawo kuɗi 😂

kawu_rediyo: Nesa ba kusa ba. Amma bata bari duka ba, tayi waƙa a Super Bowl, wato wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, na 2023 da ciki a jikinta ma.