Wai gudu Ngannou ya yi?

Bashir Kurna: Salamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cikina. Jiya ban runtsa ba, tun ƙarfe ɗaya na dare nake riƙe da waya har aka kira assalatu, data ta ƙare min sau biyu, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, duk don kallon damben UFC, kamfanin nan na Amurka mai shirya damben da ake haɗa naushi, shuri da kokawa a cikin keji. Wani yaro a wasannin farko aka fasa masa gira, jini har cikin ido, ya daure turmi uku, alƙalai suka ba abokin karawarsa. Irinsu sababbin shiga dala dubu 10 ko 12 ake ba su na shiga keji, sai ka ci a ninka maka. A ciki zai sallami koci da manaja, ya biya haraji. Takardun shari'ar da wasu 'yan damben UFC, su Cung Le, suka shigar a kan kamfanin a 2014 sun nuna rabon 'yan dambe bai wuce kashi 20 cikin ɗari na kuɗin da kamfanin ke samu ba, alhali 'yan ƙwallon kwando na NBA kusan rabi suke ɗauka. Sai da kamfanin ya yarda zai biya dala miliyan 375 aka sasanta. In wannan ba ci da gumin wani ba ne, mene ne? Shi ya sa ban ga laifin Francis Ngannou ɗan ƙasar Kamaru, zakaransu na ajin masu nauyi a lokacin, ba da ya gudu ya bar musu kambunsu. Na san ba mai tankawa, da hoton abinci na saka da tuni kun cika wurin.

Ɗan Garwa: Gudu? Wa ya gudu? Malam Bashir, janye wannan kalmar.

Bashir Kurna: Haba ɗan'uwa, ai yabonsa nake yi.

Ɗan Garwa: Ba a yabon namiji da gudu. Kwantiraginsa ya ƙare, ya nemi a bar shi ya yi damben boksin, a yi wa 'yan wasa inshorar lafiya, a bar su su nemi masu tallafa musu da kansu. Aka ƙi, ya kama gabansa a Janairun 2023 da kambu a kafaɗa. Ba wanda ya ƙwace shi a keji.

Sani Mai Waya: Ƙyale Bashir, baki ne ya suɓuce ya faɗi gaskiya. Dana White, shugaban UFC, da bakinsa ya ce an yi masa tayin kuɗin da ba a taɓa yi wa wani ɗan ajin masu nauyi ba don ya kara da Jon Jones, shahararren ɗan damben UFC na Amurka, ya ƙi. Ko wata biyu ba a yi ba Jones ya shaƙe Ciryl Gane ɗan Faransa cikin minti biyu ya ɗauki kambun. Ganen da mutuminku ya sha turmi biyar da shi yana haki.

Ɗan Garwa: Da jijiyar gwiwa a tsinke ya yi wannan turmi biyar ɗin, daga nan sai tiyata. Kuma dala dubu 600 aka rubuta masa a daren, yana zakaran duniya. Shi kuma gwanin naka ina ya shiga daga Fabrairun 2020 zuwa Maris 2023? Shekara uku wai yana ƙara jiki. Ranar da Ngannou ya kwantar da Stipe Miocic ya karɓi kambu a 2021 me Jones ya rubuta a Twitter? A nuna masa kuɗi. Sai da bango ya tsage ƙadangare ya samu wurin shiga.

Isuhu Damagaram: Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

Sani Mai Waya: Rago ko raggo? Duba rubutunka da kyau.

Malam Habu: Ku dakata 'yan samari, ni Hausa nake koyarwa. Gudu iri-iri ne. Akwai gudun tsoro, akwai gudun ceton rai, akwai gudun hijira, kai har gudunmawa daga gudu ta fito. Wanda ya bar inda ake tauye shi ba a ce masa matsoraci. Sai mai maganar ya faɗa mana wanne yake nufi.

Bashir Kurna: Malam, ni kuɗi nake nufi. Kashi 20 cikin ɗari fa.

Isuhu Damagaram: In gudun hijira ne wannan kam ya yi, kuma ta ƙasarmu ya bi. Yaron da ya tashi yana haƙar yashi a Batie, ya bar Kamaru ya ratsa Najeriya, Nijar, Aljeriya, Maroko, ya tsallaka ruwa Sifaniya aka tsare shi wata biyu, ya je Faris yana kwana a titi. Mutumin da ya ƙetare sahara a bayan mota ne zai ji tsoron ɗan Adam mai hannu biyu? Namu ne.

Ɗan Garwa: Naku kuma? Don ya wuce ta ƙofar gidanku? Saura ka ce a teburinku ya sha shayi.

Isuhu Damagaram: Kai ma ɗan arewa ne, shi daga yammacin ƙasarku ya fito. Daga Garwa zuwa garinsu tafiyar awa nawa ce?

Auta: Ni dai namu shi ne Kamaru Usman, tsohon zakaran UFC, Bahaushe ɗan'uwanmu.

Malam Habu: Auta, ba Bahaushe ba ne. A Auchi ta jihar Edo aka haife shi, yana yaro suka koma Amurka.

Auta: To ai sunansa Usman.

Ɗan Garwa: Ai sunansa Kamaru ma, sai mu ce namu ne.

Anti Hadiza: Ku yi ta raba mutanen da ba su san da zamanku ba. Haka kuka kwana kuna zagin Dricus Du Plessis, farar fata ɗan Afirka ta Kudu, don ya ce shi ne yake zaune a Afirka yake atisaye a Afirka, ranar da ya shaƙe Israel Adesanya haifaffen Najeriya a 2024 kuwa zauren nan ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Sani Mai Waya: Anti, mu koma kan magana. Ngannou ya je neman kuɗi a boksin, me ya samu? Anthony Joshua ya sumar da shi a turmi na biyu a Riyad, ya kwanta kamar buhun gero.

Ɗan Garwa: Kafin nan fa? Oktoban 2023, wasansa na farko a boksin, ya zaunar da Tyson Fury, zakaran duniya a lokacin, a ƙasa a turmi na uku, alƙali ɗaya cikin uku shi ya ba wa. Rahotanni sun ce ya tashi da kusan dala miliyan 10. Mai tsoro ne zai tsallake Jones ya je ya tari Fury da Joshua?

Sani Mai Waya: Boksin daban, keji daban. Fury ba ya kayarwa, ba ya gwiwar hannu. Kuma na ga bidiyo inda Ngannou da kansa ya yarda Jones ya fi ƙarfinsa.

Ɗan Garwa: Turo.

Sani Mai Waya: A TikTok na gani, ya wuce.

Bashir Kurna: Wannan ma na cikin abin da ke damuna, labarin duk daga bakin mai kamfani yake fitowa. A 2016 ɗan jarida Ariel Helwani ya riga UFC fasa labarin dawowar tsohon zakaransu Brock Lesnar, aka fitar da shi daga filin wasa aka ce an hana shi shiga har abada, sai da aka yi ca a kansu suka janye. Wane ɗan jarida ne zai ga haka ya tashi ya tambayi albashi?

Sani Mai Waya: Helwani ai maroƙin Ngannou ne.

Anti Hadiza: Sani, kai da ka turo mana "barka, Usman ya gama da yaro" ka ja bargo, saura minti ɗaya a tashi Leon Edwards, abokin karawarsa, ya ɗora wa Usman ƙafa a kai ya sumar da shi. Da safe ka goge saƙon, amma ina da hotonsa. Kuma tsiren da ka yi alkawari tun 2022 muna jira.

Sani Mai Waya: Anti, da girmanki? Me ya kawo tsire cikin maganar dambe?

Ɗan Garwa: Tambaya ɗaya. Tom Aspinall ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi riƙe da kambun riƙon ƙwarya na ajin masu nauyi yana kiran Jones, mai ainihin kambun, su kara. Yunin 2025 aka ce Jones ya yi ritaya. Wannan wane irin gudu ne a cikin lissafin Malam Habu?

Sani Mai Waya: Hutu ne. Sarki ba ya amsa kiran kowa.

Alhaji Tijjani, shugaban zaure: To ya isa haka, mutane na wurin aiki. Ga abin da na fahimta ba tare da son kai ba. An yi wa Ngannou tayi mai tsoka ya ƙi, kowa ya yarda da wannan. Jones ya gama da Gane cikin minti biyu, ba wanda ya musa. Wanda ya tafi neman kuɗi ya gamu da Joshua. Malam Habu, masanin harshe, ya tabbatar mana kalmar gudu ta zauna daidai. Maganar Aspinall ba ta cikin muhawarar yau. Batun albashi kuma Bashir ya kawo shi wani lokaci. An rufe.

Malam Habu: Alhaji, ban ce haka ba.

Ɗan Garwa ya fita daga zauren.

Sani Mai Waya: Malam Habu, wannan fa? Gudu ne ko tafiya?