Jama'a, me za mu kira bushin ɗin wayarin da Hausa?

Jiya na aiki yaron shagona Sabon Gari ya sayo min bushin na bututu mai mm 20, sai ga shi ya dawo da bushin ɗin mota, na kanikawa, wai shi ya sani. Ban ma yi faɗa ba don laifin sunan ne.

Ga wanda bai san abin ba: idan ka yanka bututun ƙarfe da wayar lantarki ke bi ta ciki da zarto bakinsa kan bar kaifi, ko ka bi shi da magagari ba ya gama mutuwa, to a nan inda bututun ya shiga akwatin ƙarfe da wayoyi ke haɗuwa waya take lanƙwasa, kana ja tana gogar bakin, robar jikinta na feƙewa kai ba ka gani. Ranar da jan ƙarfen ya taɓa akwati, in akwai wayar ƙasa bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa) ya faɗi, in babu kuwa duk wanda ya dafa wurin shi zai sha shokin. Ɗan abin nan da ake ɗaurawa a bakin, na roba ko na tagulla mai santsi, shi ne bushin ɗin, shi ke hana wannan ɓarnar.

Ogana da ya koya min aiki ya ce zoben bututu. Na ce Oga a gafarce ni, ai noti da ke matse bututun a jikin akwati shi ma zobe ne, yara za su sake rikicewa. Wani ya kawo gammon waya, wallahi ya burge ni, gammo ne ke tsakanin kai da kaya. Matsalar dai gammo nauyi yake tarewa, mu kuma kaifi muke gudu. Murfi kam ban karɓa ba, murfi toshewa yake, wannan kuwa dole waya ta ratsa ta cikinsa.

Ni dai na tsaya a kan leɓen bututu. Tunda mun riga muna cewa bakin bututu, to bakin da ke da haƙora me ke rufe su? Ko a bututun roba na PVC da ba shi da kaifi sosai sunan ya zauna.

Yau da safe na gwada, na ce wa yaron nan miƙo min leɓe biyu na 25. Ya yi dariya ya miƙo daidai. Masu wayarin na Zinder da Maraɗi, ku da kuke aiki da Faransanci, me kuke ce masa a can?