Dan Allah a taimaka, ƙwan tarwada ya ƙi ƙyanƙyashewa

Ɗan Daura: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina da tankin siminti biyu a bayan gida, kuɗin ma na adashen maiɗakina ne na karɓa da alƙawarin zan maido mata kafin Sallah, Yayana tun farko cewa ya yi in sayi tumaki na ƙi ji, yanzu ko gaishe shi na je sai ya tambayi kifi. To na ji an ce in aka haɗa macen tarwada da namijin ramboshi 'ya'yan sun fi saurin girma, sai na sa masunta suka kawo min namiji daga dam ɗin Sabke. Na yi wa macen allurar Ovaprim, mai sa ƙwai ya nuna, da daddare, da safe na tatse ƙwan, na fede namijin na zuba maniyyinsa a kan ƙwan. Yanzu ƙwan duk ya yi fari fat, ruwan har wari yake. Me zan yi?

Mai Kifi Ƙofar Ƙaura: Ƙane, ƙwan da ya yi fari ya mutu, zubar kawai. Cikin hunturun nan kake wannan aiki? In ruwa na da ɗumi kwana ɗaya ya isa su fashe. Sannan ramboshi ba ya balaga da wuri kamar tarwada, ƙila yaro ka yanka. Allurar ma rabin mil ce a duk kilo, nawa ka yi?

Maman Halifa: Ni wani ya sayar min da 'ya'yan kifi wai irin wannan haɗin ne, wata biyar ina zuba abinci ba su wuce tafin hannu ba, wallahi ban yafe ba.

Ɗan Daura: Alhaji ruwan burtsatse ne fa, da ɗuminsa yake fitowa. Kuma namijin ƙato ne.

Mai Kifi Ƙofar Ƙaura: Girma daban, balaga daban. Ka duba bayansa? Ramboshi na da ƙaya a gaba sai tsoka zalla wajen jela, tarwada kuwa ƙayar a miƙe take har ƙarshe.

Abu Safwan: Ba sanyi ba ne, ruwa ne ba ya gudana. Ni dai ka bar haɗin nan, ko sun fashe cinye junansu suke in ba ka tace manyan ba.

Ɗan Daura: Namijin ai an yi farfesunsa tun jiya. Akwai mai wani ramboshin a nan kusa? Macen ɗaya ta rage min.