SR ko LR tsakanin gini biyu? Ku faɗi abin da kuka gani a wurin aiki

Ɗan Zariya: Assalamu alaikum. Za mu haɗa ɗakin sabarmu (inda manyan kwamfutocinmu suke) da sabon ginin da ke bayan haraba ta hanyar faiba, wato kebul mai ɗaukar bayanai da haske, tazarar mita 350 ce in an bi ramin da aka haƙa. Dillali ya kawo farashin SFP+, wato ƙaramar na'urar da ake sokawa a bakin faiba don aikawa da karɓar haske, iri biyu: SR na gajeren zango da LR na dogon zango, duka masu gudun 10G (gigabit 10 a sakan). SR ya fi arha, oga kuma idonsa na kan kuɗi. Wanda ya taɓa shiga irin wannan ya gaya mana yadda ta kaya.

Mai Faiba: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye farashin tukuna, ka duba wace faiba ce a ramin. Kebul na waje yawanci baƙi ne, don haka karanta rubutun jikinsa. In an rubuta OS2, singil-mod ke nan, wato faiba mai siririyar cibiya ta dogon zango, LR za ka saya, shi kuwa kilomita 10 yake ci. In malti-mod ne, wato mai faffaɗar cibiya ta gajeren zango, SR na kai mita 300 a kan ajin OM3, 400 a kan OM4. Ni na sha wuyar wannan. Na ɗora SR a kan OM3 mai tsawon mita 330, fitila ta kama kore, muka tafa muka watse. Ashe da dare, lokacin da ake kwashe bayanai zuwa ma'ajiya, kurakuran CRC, wato alamar bayanai sun lalace a hanya, sai su yi ta taruwa kamar ƙudaje. Sati uku muna zargin suwic, akwatin da ake soka SFP+ ɗin a jikinsa, har muka canja shi. Da layin ya mutu gaba ɗaya ma da ya fi mana sauƙi.

Maman Ikram: Ƙanena, ka kuma kiyayi tsohuwar faiba mai ruwan lemo. A tsohon wurin aikina irinta ce a bango, malti-mod ajin OM1, tana ɗaukar 1G lafiya lau shekara da shekaru. Ranar da muka sa SR na 10G ko motsi bai yi ba. Mita 33 ce iyakarsa a kanta, tamu kuwa ta haura ɗari.

Abban Sadik: Ni abin da ya ƙona min rai ya zo ne daga baya. Mun zuba OM4 ko'ina saboda arhar SR, muna ganin mun yi wayo. Da aka zo hawa 100G sai ga SR4, wato SR na 100G, yana neman faffaɗan kan kebul da ake kira MPO da zaren faiba takwas, kuma mita 100 kacal yake kaiwa. Layukanmu zare biyu ne masu ƙaramin kai da ake kira LC, wasunsu sun fi haka tsawo. Sai da aka sake jan kebul, da kuɗin ma'aikata da kwana a ofis. Masu singil-mod kuwa zare biyun nan nasu suka bari, suka canja na'urar bakin kawai: CWDM4 in bai wuce kilomita 2 ba, LR4 in ya kai 10. Amma fa a cikin rak ɗaya, wato kabad ɗin na'urori, ban ga dalilin kashe kuɗi ba, kebul ɗin DAC na jan ƙarfe ya wadatar.

Baba Tsoho: LR a gajeren layi ba ya ɓarna, na sha haɗa shi da igiyar mita uku. ER ne abin tsoro, wato SFP+ mai ƙarfin haske da ke cin kilomita 40. Wani yarona ya tsinci biyu a sito, ya haɗa su baki da baki ba tare da abin rage ƙarfin haske ba, ɗaya ya makance. Sannan ku da ke Arewa, ƙurar hunturu ba ta wasa. Cibiyar singil-mod, inda haske ke bi, faɗinta maikuron 9 ne (maikuron dubu ne milimita ɗaya), ta OM3 da OM4 kuwa 50, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta tare hanya. A goge kan faiba kafin a soka, kuma kada a yar da ƙananan murafun nan.

Ɗan Zariya: Allah ya saka da alheri. Na je na leƙa ramin yanzu, ashe bututu kawai aka binne, ba a ja komai ba. Zan rubuta OS2 mai zare 12 da LR guda huɗu, biyu na ajiya. Baba, wane abin gogewa kake amfani da shi?