Me za mu kira "mount" da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Jiya ina koya wa wani ƙanena yadda zai iya ajiye fayil a ɓangaren faifan da ya ware a Linux, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: mount, wato haɗa faifai da wata folda don a iya shiga fayilolinsa ta cikinta. Ga faifai yana gani, yana buɗe komai, amma da ya zo ajiyewa sai kwamfuta ta ce ba shi da izini.

Wani ya ce a ce "hawa", tunda haka Turawa ke faɗa game da doki. Ban yarda ba. Ba wanda ke hawa komai a nan. An samo kalmar ne daga zamanin da ake ɗaukar faifai ko kaset da hannu a sa wa na'ura. "Jona" kuwa ta fi kusa, sai dai muna amfani da ita wajen cusa waya a soket, alhali za ka iya jona faifai a jikin kwamfuta ba a yi masa mount ba. "Ɗora" ta riga ta zama ta sa hoto a intanet.

Ni dai na tsaya a kan "rataya". Foldar da ake ratayawa a kanta, kamar /mnt/ajiya, ta zama "maratayi", umount kuma, wato kishiyar mount, "saukewa".

Dalilina shi ne kalmar da kanta tana koyar da matsalar. Abin da ka rataya yana rufe abin da ke bayansa. Ƙanen nawa ya yi chown, umarnin da ke sauya mai fayil ko folda, a kan foldar tun kafin ya rataya faifan, yana rataya shi sai izinin da ya gyara ya ɓuya, na faifan ya fito. Kuma faifan ext4 (tsarin adana fayil na Linux) da aka tsara da sudo, umarnin yin aiki da ikon root, na root ne, wato babban asusun da ke iko da komai. Gyaran shi ne ka rataya tukuna, sannan ka yi sudo chown da sunanka a kan maratayin. Sau ɗaya ya wadatar, domin ext4 yana adana mai shi da izininsa a cikinsa.

Tsarin faifai irin su FAT32 da exFAT ba sa adana wannan bayanin, don haka ko ka kwana kana chown ba abin da zai sauya. Su a lokacin rataya ake faɗa wa kwamfuta mai su, a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a rataya, da uid=1000, lambar da Ubuntu da Debian ke ba mutum na farko da aka buɗe wa asusu. NTFS, tsarin faifan Windows, shi ma galibi haka ake yi masa. In kuwa Windows ta kwanta ne ba a kashe ta gaba ɗaya ba, za ka tarar an rataya faifan NTFS ɗin don karatu kaɗai.

Saura ɗaya da ke damuna. "Izinin rubutu" yana sa sabon shiga ya zaci rubuta wasiƙa ake nufi, alhali a kan folda ya haɗa da ƙirƙira, da gogewa, da sauya suna. Na fi son "izinin sauyi". Malamai, in akwai wadda ta fi ta, ku kawo.