Abin da na tsinta wajen masu gyaran hoto

Jiya da marece mun zauna shan shayi a shagon buga katin biki kusa da babbar kasuwar Maradi, na kai kukana, katin auren ƙanwata ya fito fuskarta baƙi ƙirin alhali a waya tas take. Ga abin da masu gyaran hoto na wurin suka ce mani.

Magana ta farko duk bakinsu ɗaya, kar ka taɓa asalin hoton, kwafa shi ka yi aiki kan kwafin. Sai ka fara da haske kafin kala, ko a Photoshop kake ko Canva (manhajojin gyaran hoto), ƙara kaɗan kaɗan kana duban farar shadda, in zanen aikin wuyan riga ya fara ɓacewa to ka wuce gona da iri, koma baya. Kala kuwa nan muka fi daɗewa, don mutanenmu na son a cika ta har fatar amarya ta koma ja kamar manja, wani dattijo a cikinsu ya ce shi fata yake kallo ba atamfa ba, kuma wallahi na yarda da shi.

Ashe a nawa katin rabin laifin na WhatsApp ne, yana matse hoto ya rage mashi kyau, sai dai a turo shi a matsayin dokima, wato ta wurin da ake turo takardu ba na hotuna ba. In bugawa za a yi a sa 300 dpi (yawan ɗigon tawada a kowane inci), a maida shi CMYK, wato tsarin kalar injin bugawa, don allon waya da wani tsarin daban yake aiki, RGB, shi ya sa takarda ke fitowa da duhu. Kuma a buga gwaji guda ɗaya tukuna kafin a saki ɗari biyu.