Ina kuɗin UBEC ke maƙalewa kafin su iso makarantun ƙauye?

Malamin Karkara:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata firamare ta ƙauye, inda 'yan aji ɗaya da aji biyu ke zaune a ƙasa a gindin darbejiya tun da iskar damina ta yaye kwanon ajinsu, kuma mu uku ne kacal ke riƙe da azuzuwa shida. Na san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware wa UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Don Allah masana, wace hanya kuɗin nan ke bi, kuma me ke hana su isowa inda aka fi buƙatarsu?

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam, Malam. Babban kason kuɗin ba a sakinsa sai jiha ta ajiye nata daidai da abin da za a ba ta, sannan hukumarta ta ilimin bai-ɗaya, wato SUBEB, ta miƙa tsarin ayyukan da za ta yi. Jihar da ba ta cika sharaɗin ba, kuɗinta na kwance a Abuja, kuma an sha samun jihohin da suka bar nasu shekara da shekaru. Ko an karɓo, a ofis ake rubuta jerin makarantun da za a gyara, kuma na gani da idona yadda ta bakin titi ke samun fenti sau biyu, ta lungu kuwa ba wanda ya taɓa leƙa ta. Batun ƙarancin malamai daban yake, domin albashinku daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ba daga wannan asusu ba.

Uwar Yara:
Baba Sufeto ya faɗi gaskiya, amma a ganina ba gini kaɗai ke riƙe yaron talaka a aji ba. Lokacin da shirin ciyar da ɗalibai da aka ƙaddamar a 2016 ya iso garinmu, yaran da ke tallar gyaɗa da safe sun koma makaranta da robobinsu a hannu, kuma da abincin ya tsaya, da yawansu sun koma talla. Wannan abu yana damuna har yau.

Tsohon Sufeto:
Haka ne, Hajiya. Malam, shawarata ita ce ku farfaɗo da kwamitin SBMC na makarantarku, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, mai unguwa da liman da iyaye mata duk su shiga. Ku ɗauki hoton ajin, ku haɗa da adadin ɗalibai daga rajista, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, sannan ku aika kwafi zuwa SUBEB.

Malamin Karkara:
Na gode, Baba. Zan sami shugaban makaranta da maganar gobe, in sha Allahu, don a kira taron kwamitin bayan sallar Juma'a.